Labulen Ɗakina a Gari na Bakwai

...wai kuma ni ne ban karanta ba. Ni. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana juya takardun asibiti daga wannan harshe zuwa wancan, ko ɗigo bai taɓa tsere masa ba. Na karanta mana. Na karanta sunan wanda ya aiko, na rubuta "An gani, na gode", na tura. Haka nake yi wa kowane saƙon ofis tun da na bar gida, kuma har yau ban ji wanda ya mutu ba. Wa zai zauna cikin kwalekwale, ruwa na fallatsar masa a fuska, ya tsaya bin sakin layi huɗu?

Ga Manaja can a ɗan akwatinta na saman allon kwamfuta, tana maimaitawa har da murmushi.

"Kawu, kai ne na uku a jerin Injiniya. Yanzu ya bar gida na biyu, ya ce nan da minti ashirin yana ƙofarka. Sabon makullin tsaro zai sa wa kwamfutar, ba zai ɓata maka lokaci ba."

Ina gyaɗa kai. Ina murmushin da na tanada don kyamara, wanda ke ɓoye giɓina na hagu. Kawu... yarinyar da na girmi takardar haihuwarta da shekara ashirin, ita ta laƙaba min, yanzu duk ofis sun ɗauka.

Minti ashirin. Tsakanina da ƙofar gidana jirgi biyu ne da mota ɗaya.

A'a, tsaya. Numfasa ta hanci, kar ƙirji ya motsa. Mutum tara ke kallona.

Takardar da na sa wa hannu ba ta da kwana-kwana: kwamfutar kamfani ba ta barin adireshin da ka bayar, saboda sirrin marasa lafiya ne a cikinta. Wanda ya fita da ita, kora ce, babu gargaɗi, babu zo mu zauna. Ita kuwa kwamfutar nan tawa, baiwar Allah, ta ga gari bakwai cikin wata biyar. Ta ga teku. Ta hau dutse a bayana cikin jaka. Ta fi Manaja yawo, in gaskiya ake so. Kuma aikin ya ragu? Ko shafi ɗaya ya makara? A tambaye su. Watan jiya ma ni aka yaba a taro, wai a yi koyi da natsuwar Kawu.

Natsuwar nan labule ne. Ga shi a bayana, ruwan ƙasa mai furanni rawaya, da ƙunar dutsen guga a gefen ƙasa. Na ɗakina ne na gida, shekara biyu suna ganinsa a kowane taro. Ranar da zan tafi na kwance shi na ce wa Maman yara zan kai wanki. Duk ɗakin da na sauka, kafin in duba gado, kafin in duba banɗaki, igiya nake fara ɗaurawa, daga ƙusa zuwa marfin kwaba, maƙalen shanya shida, in ja kujera, in auna da kyamara har sai bangon mutane ya ɓace. Wannan ba fasaha ba ce? A wata duniyar lambar yabo ake ba mutum.

Kowace safiya sai na duba yanayin garinmu a waya, don in san zafin da zan yi ƙorafi a kai. Yau can rana ce tsantsa. Nan ruwa ake tsugawa tun hantsi, kwanon rufi kamar ana zuba masa tsakuwa, shi ya sa makirfona ke kashe. Ina zaune da 'yar shara ina fifita da takarda, ƙafafuna cikin safa biyu suna rawar sanyi. Wa ya san wahalar da nake sha saboda mutanen nan? Babu. Sai dai a aiko min da Injiniya.

Saura minti sha bakwai.

In daskare? Na iya. Ina tsayar da fuska, baki a ɗan buɗe, ido ba ƙiftawa, daƙiƙa arba'in cur, har wani ya ce intanet ɗin Kawu ya sake tafiya. Na gwada a madubin otal sau ba adadi. Amma daskarewata ba za ta tsayar da babur ɗinsa ba. Mutumin nan ba ya dariya. Gemu a gyare, jaka a gaba, in ya kwance kwamfuta sai ya jera ƙusoshin bisa hankici daga ƙarami zuwa babba. Irinsa ba a ce masa dawo gobe.

Zai ƙwanƙwasa. Maman yara za ta leƙo da mayafi a kafaɗa. Zai ce wurin maigidan ya zo daga ofis. Ita kuma, da zuciya ɗaya, da wannan muryar tata ta karɓar baƙi — ai ofis ɗin ne suka tura shi zagayen rassa, wata biyar ke nan, ba ku sani ba?

Waɗanne rassa?

Kamfanin da ko ofishin kirki ba shi da shi, ɗaki biyu ne a saman kantin magani.

Mako uku na ce mata. Ita ta haɗa min jaka, ta naɗe safa cikin takalmi, ta ƙirga ƙwayoyin hawan jini ɗaya-ɗaya cikin 'yar kwalba, ashirin da ɗaya, ta ƙara uku ko jirgi zai yi latti. Auta na tsaye a bakin ƙofa da kayan makaranta tana cewa Baba a sayo min abin wuya. Ban ji komai ba a lokacin, in faɗi gaskiya. Daɗi na ji. Na ji kamar an cire min takalmin da ya matse ni tun ina saurayi.

Kuma laifin wa? Su suka ce kowa ya koma gida ya yi aiki. Shekara biyu ina kallon katangar maƙwabci ta taga, na san kowane tsagu a jikinta, na san ƙadangaren da ke fitowa ƙarfe sha ɗaya. Sai ga yaran nan a waya, kwamfuta bisa cinya, ƙafa cikin yashi, wai duniya ce ofishinsu. Da me suka fi ni? Gashi? Suna nan ƙasa yanzu haka a shagon shayin gidan, da gajerun wanduna, kowa da abin toshe kunne, babu mai jiran kowa a ko'ina. Su ma Kawu suke ce min, da harshensu. Ban san wa ya gaya musu ba.

Sha huɗu. Wani yana bayanin jadawali. Gyaɗa kai. Ɗaga gira, alamar abin ya burge ka.

Hanya biyu ce, kuma kowacce da ramin da na haƙa da hannuna. In buɗe makirfo in ce Manaja, ina da magana — ruwan sama ya shiga kunnen mutum tara kafin in kai ƙarshen jimla, aiki ya tafi. Shekara hamsin da ɗaya, wa zai ɗauke ni? Ko kuma in gaya wa Maman yara. In ce mata babu rassa, ba a taɓa yin rassa ba, ni na tura kaina, kuma don Allah ki tashi yanzu-yanzu ki yi min ƙarya a bakin ƙofa.

Matar da ko mai kayan miya ya yi mata rarar canji sai ta bi shi har bakin titi.

Waya a cinya, ƙarƙashin tebur. Ido a kyamara, babban yatsa na lalube.

"Uwargida ran gida" — a'a, za ta san da wata a ƙasa. Goge.

"Kin san dai ban taɓa ɓoye miki" — goge, goge.

"Wani zai zo daga ofis. Ɗan damfara ne, kar ki buɗe." Wannan ta yi kyau. Wannan irin tawa ce. Sai dai zai kira Manaja daga bakin ƙofar, Manaja ta juyo gare ni a gaban kowa, Kawu, leƙa ka buɗe masa mana, ga shi a waje. In tashi in je ina? Bayan labulen nan bango ne da hoton wani jirgin ruwa.

Sha ɗaya.

Na kasa haɗa jimla ɗaya. Ni da na taɓa shiga taro daga tashar mota, labule a rataye jikin wata babbar mota, direba na jira in gama ya tashi. Ranar ko gumi ban yi ba.

To. Rubuta kawai.

"Maman yara, mutumin ofis na zuwa gida yanzu. Su a saninsu ina gida, ina ɗakina, ina cikin taro da su a kwamfuta. Ba su suka tura ni ba. Zan yi miki bayani. In ya san ba na nan, aikina ya ƙare. Ki rufa min asiri."

Ko kwalliya babu. Shekara ashirin da biyu ina gyara jimlolin mutane, tawa ta fita tsirara.

Saƙo ya tafi. Alama ɗaya. Biyu. Sun yi shuɗi.

Ta gani.

Ba ta rubutu. Me ya sa ba ta rubutu? Tana tsaye ne a kicin, wayar a hannu, tana sake karantawa? Ta zauna? In ranta ya ɓaci ba ta magana, goge-goge take kamawa, ta goge abin da ke da tsabta, ta sake gogewa. Shekarar da na sayar da rediyon babanta na ce ɓarayi ne, kwana huɗu tana goge tagogi...

"Kawu, kana tare da mu? Shafi nawa ya rage a takardun asibitin yara?"

Yatsu shida nake ɗagawa. Ina nuna kunne, ina nuna sama, ina yamutsa fuska, wai maƙwabta na gini. Suna dariya. Kullum suna dariya. Ina da farin jini, wannan ko maƙiyi ya sani.

Bakwai. Biyar. Ko ya riga ya iso? Babur ba ya jiran cunkoso. Yana iya kasancewa yanzu haka yana jingine shi jikin katangar nan tawa, yana cire hular kwano, yana gyara gemu. Ita kuma tana tahowa daga ciki, silifas na ƙara a siminti, da saƙona a hannunta. Wata biyar. Kowace Juma'a in kira ta, ta ce ya rassa, in ce ai kin san rassa, sai haƙuri. Na ƙirƙiro shugaban reshe mai warin baki. Na ƙirƙiro wani mai satar biro. Tana dariya har da tari. Na ji daɗin dariyar nan, wallahi na ji, kamar na yi mata tsaraba.

In ta faɗa masa gaskiya ba ta yi laifi ba. Ina so in ji haushinta tun yanzu, in tanada, amma ya ƙi zuwa.

Lokaci ya cika. Ya wuce da biyu. Da huɗu. Wayar Manaja na kan teburinta, ina ganin gefenta. In ta yi haske...

Cinyata ta yi zir. Saƙon murya, daƙiƙa ashirin da shida. Abin kunne ta ɓangaren da kyamara ba ta gani, a hankali, kamar mai sosa keya.

"Baban yara, ya zo ya tafi. Na ce masa kana ciki kana taro, amma ƙarambau ya fito wa Auta, kai ma da ƙaiƙayi ka tashi. Ko ƙofar bai taɓa ba, na ce masa sai bayan kwana goma. Ka riƙa susa su gani. Zancen bayani kuma kar ka wahalar da kanka. Tun wata na biyu suka aiko maka da kujera, da takarda a jiki, wai ta masu aiki daga gida ce. Tana da daɗin zama. Bari in je, na bar tukunya a wuta."

Ƙarambau.

Ƙarambau... ni ban taɓa tunaninsa ba. Ciwon da ba ya hana mutum zama gaban kwamfuta, amma yana hana baƙo shigowa. Cikin minti nawa ta haɗa wannan? Ba ta goge ko sau ɗaya ba, na tabbata. A gidana, ƙarƙashin hancina, shekara ashirin da huɗu, ashe da gwanar da ta fi ni nake kwana ina tashi, ana bari na ina ta rawar kai. Wannan ai cin fuska ne. Ya kamata a ce raina ya ɓaci.

Wata na biyu.

Wato shugaban reshe mai warin baki... tana kan kujerar take dariya. Mai satar biro, tana kan kujerar. Sannu, Baban yara, Allah ya ba da lada, ka riƙa shan maganinka. Wata uku tana ba ni igiya ina ta saƙa, ita tana juyi a kujera mai taya.

Wayar Manaja ta yi haske. Tana karantawa. Tana ɗago kai, fuskarta duk tausayi.

"Ayya, Kawu, ashe da lalura a gida shi ne ba ka faɗa ba? Allah ya sawwaƙe. Ka huta in an tashi."

Hannuna ya riga ya kai wuya. Ina susa. Ina lanƙwasa kai irin na mai haƙuri da ƙaddara, mutum tara suna min sannu. Aiki ya tsira. Ya kamata in ji sanyi a ƙirji, ina jira, bai zo ba.

Sake saurara. Daƙiƙa ashirin da shida. Wataƙila na tsallake wani wuri, wataƙila ruwan nan ya danne wata kalma. Ya zo ya tafi... ƙaiƙayi... kujera... tukunya. Muryarta lafiya lau, irin wadda take aiken Auta sayen gishiri da ita. Babu kuka. Babu zagi, ko ɗan guntu da zan riƙe in ce an zalunce ni. Ba ta ce ina kake ba. Gari bakwai, ba ta tambayi sunan ko ɗaya ba.

Ba ta ce yaushe za ka dawo ba.

Tun yaushe ta daina tambaya? Wata na biyu tana tambaya... na uku... ban lura ba, ina can ina gina rassa.

Kwana goma. Jirgi biyu da mota ɗaya, kwana biyu sun isa, ta san haka, ita da ke ƙirga ƙwayar magani. Da ta ce masa uku. Da ta ce biyar. Goma ta ce. Ni ta nema wa kwanakin nan ko kanta?

An koma kan jadawali. Wuyana ya fara zafi, farce ya ci fata, kuma yanzu da gaske yake min ƙaiƙayi, har gadon baya, inda hannu ba ya kaiwa...