Duwatsu Arba'in na Baba Lado

"Ƙara ɗaurewa," in ji Nagoggo, matar Baba Lado. "Tsohon nan ba shi da nauyin kaza, iska ma sai ta ɗauke shi."

Uwaisu ya ja rawanin da ya ɗaure tsohon da shi a kan babur, ya ƙulle a kan cikinsa, har ya ji ƙasusuwan ƙirjin Baba Lado a gadon bayansa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Jibiya. Wata uku ke nan yana jin tarin tsohon ta bayanta, sai jiya Baba Lado ya aika matarsa ta kira shi, ya ce abu ɗaya ya rage masa a duniya: a kai shi dutsen da ke bayan iyaka.

Uwaisu malamin allurar shanu ne, babur ɗin ma na hukumar En'e ne, ba nasa ba. Bai iya cewa a'a ba.

Jandarman da ke tsaron ɓangaren Faransa ya ɗaga hannu, ya leƙa fuskar tsohon.

"Ina za a kai shi haka?"

"Gaisuwa za ni," in ji Baba Lado. "Mutanena na can bisa."

Jandarman ya ɗage sandar da ta tare hanya.

Suka bar hanyar mota, suka bi turbar jakuna cikin karan gero. A gindin wata tsamiya tsohon ya ƙwanƙwasa kafaɗar Uwaisu. Wani ginshiƙin dutse ne, tsawon ƙugu, da lamba a jikinsa.

"Da kaina na ɗauko wannan, ina saurayi. Nasara biyu suka tsaya suna gardama, suka ce nan ƙasa ta rabu. Mu kau muka dasa."

"Ba ku tambaye su dalili ba, Baba?"

"Wa ka tambayar mai bindiga? Mu tahi."

Babur ya gaza a gindin dutsen. Uwaisu ya jingine shi, ya goyi tsohon ya kama hawa. Ya yi soja a yaƙin duniya, ya ga tsaunukan ƙasar Bama masu shiga gajimare, don haka bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Sai da suka kai bisa, ya ɗago kai yana haki, ya tsaya cak.

Tarin duwatsu ne jere a kan falalen, kowanne ya kai ƙirjin mutum, an shirya su tsaf ba laka ba komai. Ya fara ƙirgawa, ya ɓace a talatin. A ƙasa kuwa ga duniya a shimfiɗe: gonakin Gangara, rairayin gulbi yana ƙyalli, hayaƙin garin Bugaje can nesa. Babu alamar inda ƙasa ta rabu.

"Arba'in ne," in ji tsohon. "Shekarar da mahara suka zo, mazanmu arba'in suka tare mashigin nan tun hantsi har la'asar, mata da yara suka tsere ta baya. Ina goye a bayan uwata. Ko ɗaya bai sauko ba."

Ya sa Uwaisu ya bi da shi ɗaya bayan ɗaya. A kowane tari sai ya dafa, ya kira suna, ya yi addu'a. Abdu maƙeri. Ya'u ɗan Hajo. Lawal Dogo. Muryarsa na ƙanƙancewa, amma bai yi tuntuɓe da suna ko ɗaya ba. A na ƙarshe ya daɗe, tafinsa a kan dutse mai zafin rana.

"Wannan ubana ne. Ban san fuskarshi ba." Ya numfasa. "Ka riƙe sunayen?"

"Na riƙe wasu, Baba."

"To, maimaita."

Sau uku suka zagaya kafin tsohon ya gamsu.

A hanyar dawowa Uwaisu yana ta jera sunayen da ƙarfi saboda ƙarar inji, tsohon na gyara masa da bugun yatsa. Suna tsallake rairayin gulbi yatsan ya daina. Kan ya kwanta masa a kafaɗa, nauyin ya sake. Uwaisu ya kira shi sau biyu. Sannan ya yi salati, ya rage gudu, ya riƙa kauce wa kowane rami har ƙofar gida.

Nagoggo na tsaye a bakin zaure. Ta dubi fuskar Uwaisu kawai.

"Ya gaida su duka?"

"Duka, Inna."

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta juya ta shiga ɗora ruwa.

Kafin magariba aka kai shi makwanci. Da Uwaisu ya koma gida ya tuɓe rigarsa zai kakkaɓe, sai ya ga jar ƙura ta rufe ta ko'ina, ban da wuri ɗaya a kafaɗa, fari fat, daidai faɗin kuncin mutum.