Ban da Kanwa

Malam Idirisu ya rasu da hantsin ranar Talata, kwana na uku da Ƙaramar Sallah, a wani asibiti da ke Dutse. Shekarunsa sittin da takwas. Tsohon malamin dabbobi ne, mutumin Aujara, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyu da jikoki biyar. An yi masa sutura bayan azahar a unguwar Limawa. Abin da aka sanar a masallaci shi ne ciwon ƙoda, kuma ba a yi ƙarya ba. Sai dai akwai maganar da babban ɗansa Abdulrauf ya fito da ita daga asibitin, ya kwana shida yana riƙe da ita shi kaɗai: likita ya ce mai yiwuwa abincin Sallah ne ya gaggauta tafiyar. Mahaifiyar Abdulrauf, Dada, ita ta dafa abincin, bisa ƙa'idar da shi ya gaya mata.

Abin ya faro ne a watan Sha'aban, ranar da aka tabbatar da ciwon. Abdulrauf malamin sakandare ne, kuma da Turanci ya gai da likitan, don haka likitan ya yi masa bayani da Turanci, ya miƙa masa takardar abin da mara lafiya zai kiyaye. Abu uku ne a sama: a rage nama, a rage gishiri, a rage potassium. Biyun farko ba su da wahala. Na ukun ya dube shi ya ga ya yi kama da potash, sunan da 'yan kasuwa suke kiran kanwa da shi in suna ciniki da baƙi. Ya ɗan ji kokwanto, amma mahaifinsa na zaune yana kallon yadda ɗansa ke musayar Turanci da likita, sai ya gyaɗa kai ya ninke takardar.

Ko da suka koma gida, bai shiga ɗakin mahaifiyarsa ba. Bai taɓa shiga ya zauna ba. Shi ne ɗan fari, ita kuwa Dada Bafulatana ce ta tsohon yayi. Shekara arba'in da ɗaya ba ta kira sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi ba. In za ta yi masa magana, ƙanwarsa Fiddausi take fuskanta.

"Tambayi wancan, me suka ce?"

Daga bakin ƙofa ya amsa. "Ban da nama, ban da gishiri, ban da kanwa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Dada ta tattara kanwar gidan, ja da fara, ta aika wa maƙwabta.

An ɗauke wa Malam Idirisu azumi, amma kusan azumin ya yi. Abincinsa daban ake yi, farar shinkafa ko koko marar armashi, a kai masa a ƙaramin kwano mai murfi, ya yi loma biyu ya ture. Kwanon ya fi ciwon ɓata masa rai. Mutum ne da bai saba cin abinci shi kaɗai ba, kuma bai iya roƙo ba, ko da na tsinken nama ne. Yakan ji ƙamshin miyar gida ya juya fuska bango. Kafin azumi ya kai ashirin, agogonsa ya fara zamewa har tsakiyar hannu.

A goman ƙarshe Dada ta yanke hukunci, ta kuma sanar da shi ta bakin Fiddausi: bana ba za a yanka ko kaza ba. Tukunya ɗaya za a yi ranar Sallah, abin da Malam zai ci shi kowa zai ci.

Fiddausi ta ce, "Dada, Sallar awaki za mu yi ke nan?"

"Akuya ta fi ki ƙiba, ai."

Sallar ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da kayan lambu suka yi araha, zafi kuma ya hana tsayuwa a bakin murhu. Dada ba ta kula da zafin ba. Ta sa aka kawo mata zogale ɗanye da busasshe daga Aujara. Abdulrauf da kansa ya je kasuwa ya ɗauko kabewa biyu, alayyafo, yakuwa, tumatir kwando guda, gyaɗa, farin wake, da dabinon Dutse mai laushi irin wanda mahaifinsa ke so. Yana zaɓa yana taya kansa murna, don babu abin da ya saya wanda ya saɓa wa takardar yadda ya fahimce ta.

Girkin da babu nama, babu dunƙule, babu kanwa, sai gishiri ɗan kaɗan, ba ƙaramin aiki ba ne. Wake ba ya nuna da wuri in babu kanwa, don haka tun jajibiri aka jiƙa shi aka surfe. Dada ta daka daddawa da citta da masoro da kanumfari, ta soya albasa har ta yi ja, ta ce wannan ne namanta. Miyar taushe ta yi, kabewa ta narke a ciki, ga alayyafo da gyaɗa. Ta turara dambun shinkafa da zogale har sau biyu. Ta yi alala a ganye, ta kwaɗa sauran zogalen da ƙuli-ƙuli. Tana ɗanɗanawa a tafin hannu tana girgiza kai, tana ƙara daddawa. Da aka sauko daga Idi, ƙamshi ya kai zaure.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Aka ajiye wa maza babban tire guda. Malam Idirisu ya duba bai ga ƙaramin kwano mai murfi ba.

"Ina nawa?"

Fiddausi ta ce, "Ga shi nan gabanka, Baffa. Yau duk mun zama marasa lafiya."

Ya wanke hannu ya fara da dambun. Ya jima yana tauna, sannan ya ce, "Shekara talatin ina duba bakin shanu, ina tausaya musu. Ashe su suka san daɗin duniya."

Ya ci dambu, ya ci tuwo da miyar taushe, ya nemi ƙarin miya. Ya ci alala biyu. Ya rufe da dabino, yana raba wa jikoki yana jefa nasa a baki. Dada tana bakin madafa, ta juya musu baya kamar mai kankare tukunya, amma kunnenta na wajen tiren. Washegari da safe ya nemi ɗumame da bakinsa, ya kuma cinye kwaɗon da ya rage.

Da azahar ɗin Litinin ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi. Kafin la'asar ya ce ƙirjinsa na tsalle-tsalle. Aka sa shi a mota.

Likitan da ke aiki ranar matashi ne, kuma da Hausa ya yi tambaya, bayan an ɗebi jini. Me ya ci kwanan nan? Abdulrauf ya lissafa masa, har da ɗan alfahari: zogale, alayyafo, kabewa, wake, tumatir, gyaɗa, dabino. Babu nama, babu kanwa. Likitan ya daina rubutu.

"Ba a ba ku takarda ba?"

Takardar na cikin ledar magani, a ninke yadda aka ninke ta a Sha'aban. Likitan ya buɗe ta, ya juya bayanta. Akwai jerin sunayen abinci a can, kuma kusan duk abin da Abdulrauf ya lissafa yana ciki. Likitan ya ce kalmar ba kanwa take nufi ba. Wani sinadari ne da ke cikin ganye da wake da dabino, mai lafiya yana fitar da shi a fitsari, amma ƙodar da ta gaza sai ta bar shi ya taru a jini, ya rikita bugun zuciya.

"Abincin ne ke nan?"

"Ya hau sosai a jininsa. Amma ƙodar ta riga ta yi nisa, zai iya hawa ko da bai ci ba. Ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne."

A kwanakin zaman makoki Abdulrauf yana ƙofar gida da maza, yana karɓar gaisuwa. Duk lokacin da ya shiga ciki ɗauko ruwa ko tabarma, abu ɗaya yake ji daga ɗakin da Dada take takaba. Ba ta kuka. Kowace mace ta zo, bayan an yi addu'a, sai ta ce, "Alhamdu lillahi, ya ci ya ƙoshi kafin ya tafi. Har ƙari ya nema." Matan su ce Allah Ya ba ta ladan. Ya ga cewa wannan maganar ce ta riƙe ta, kamar yadda sanda ke riƙe makiyayi a tsaye. Ya yanke wa kansa cewa zai tafi kabari da abin da ya sani. Wanda ya mutu ya mutu, faɗa ba za ta dawo da shi ba.

Ranar Asabar Inna Larai ta zo gaisuwa daga Miga. 'Yar ƙanwar mahaifiyar Dada ce. Abdulrauf yana tsakar gida yana kwance igiyar rumfa lokacin da ya ji tana cewa mijinta, Malam Barau, shi ma an ce ƙoda ce, ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya ƙi abinci.

Dada ta ce, "Abincin ne ba ki iya ba. Ki cire nama, ki cire kanwa, ki cika masa ganye. Ki bar kwano daban, shi ke kashe musu zuciya."

Ta bayyana mata dambun dalla-dalla, da yadda ake soya albasa, da yawan daddawa. Ta sa Fiddausi ta ƙulle mata sauran busasshen zogale da wake da dabino. Inna Larai ta fito da ƙullin a ka, ta tsaya ta yi wa Abdulrauf ta'aziyya. Ya amsa. Ya raka ta har bakin titi, ya tsayar mata da mai adaidaita, yana ta neman ta inda zai fara. Ya ga in ya gaya mata, kafin ta kai tasha ta kira Dada. Yana cikin wannan tunani mai adaidaita ya ja.

Da safiyar Lahadi ya kira Fiddausi zaure ya nuna mata bayan takardar. Ta karanta sau biyu. Ta zauna a kan buhun gero da wani ya kawo sadaka.

Ya ce, "Ki kira Inna Larai ki ce kada ta dafa. Ki ce likita ne ya hana."

"Ta tambaye ni dalili fa? Jiya Dada ta gama koya mata."

"To ki gaya wa Dada. Ke take saurara."

"Yaya, tun ina yarinya nake kai maka saƙonta ina kai mata naka. Wannan ban ɗauka ba. Kai ka fassara."

Ya cire takalmi a bakin ƙofar ɗakin ya yi sallama. Dada tana kan tabarma da carbi. Da ta ga ya shigo har ya durƙusa, sai ta gyara mayafi ta kau da kai wajen taga. Fiddausi ta tsaya a bakin ƙofa.

Ya faɗa mata a taƙaice. Ya ce kalmar da ya ce kanwa ce ba kanwa ba ce. Ya ce ganye da wake da dabino su ne abin da aka hana, kuma an rubuta a bayan takardar, shi ne bai juya ba. Ya ce kuskuren nasa ne, ita abin da aka gaya mata ta yi.

Carbin ya tsaya. Da ta yi magana, Fiddausi ta fuskanta.

"Tambaye shi. Abincina ne?"

"Likita ya ce ba zai iya cewa shi ne ba. Ba zai kuma iya cewa ba shi ba ne."

"Tambaye shi, yaushe ya sani?"

"Ranar Litinin."

"Yana ji ina gaya wa mutane."

Ya sunkuyar da kai. Ta dubi tafin hannunta na dama, wanda take ɗanɗana miya da shi, ta kife shi a kan cinya.

Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare." Ta faɗe shi yadda ake faɗa, muryar ba ta rawa. Sannan ta ce, "Kira min Larai."

Fiddausi ta kira sau huɗu, wayar a kashe. Ta kira ɗan Inna Larai da ke Kano, ya ce unguwarsu a Miga ta kwana uku babu wuta, shi ma tun jiya yake nema bai samu ba. Ya ce abin da ya sani kawai, ta isa gida lafiya da magariba, ta ari wayar maƙwabta ta gaya masa ta samo wa Baba abincin da zai ci; ita ma wayar maƙwabtan yanzu a kashe take.

Abdulrauf ya ɗauki makullin babur da takardar. Yana ɗaura hular kwano ya ji Dada daga ɗaki tana cewa, "Gaya masa ya nuna musu bayanta."

Ya bar Limawa ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Daga Dutse zuwa Miga tafiyar sama da awa guda ce. A gidan Malam Barau da hantsi ake ɗora tukunyar rana, kuma har ya wuce Jahun wayar Inna Larai ba ta shiga ba.