Shafi na Huɗu

Tana tsaye gaban makirufo tana gwada murya, sai wani hannu ya zo ta gefenta ya ɗauke takardun da ke kan teburin karatu. Ta juya, ta ga jami'in hulɗa da jama'a na masaƙar ne, wanda ma'aikata ke kira Ɗan Kwat, don ko ranar da zafi ke narka kwalta ba ya rabuwa da kwat ɗinsa. Ya yi mata murmushin nan nasa da bai wuce haƙora ba, ya ce an ɗan yi canji. Tunda bikin cikar masaƙa shekara hamsin ne, ga kuma manyan baƙi, Babban Darakta da kansa zai karanta labarin. Ita kuwa an tanadar mata kujera.

Saura awa ɗaya a fara, kuma sai yanzu aka ga damar gaya mata.

Shekara ashirin da shida tana aikin sanarwa a masaƙar nan. Muryarta ke shigar da ma'aikata da safe, ita ke sallamar su da yamma, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Anti Sanarwa. Wata huɗu ke nan kullum bayan an tashi aiki tana atisaye da 'yan badujalar masaƙa, mutum talatin, masu saƙa da direbobi da makanikai, masu ƙaho da masu sarewa da masu ganga. Ita ta rubuta labarin masaƙar, shafi shida. Tsohon makaniken da ke jagorantar su, wanda suke kira Mai Sanda saboda 'yar sandar da yake kaɗa musu, shi ya ɗora kiɗa a kan kowane shafi. Ba kiɗan da ake sakawa a bayan magana don cike wuri ba ne. Kowace jimla da gurbinta, kowane shiru da ƙidayarsa, har makaɗan sun rubuta kalmominta da fensir a gefen takardunsu don su san inda za su shigo.

Duk da haka da ta haɗiye. Wanda ya yi shekara ashirin da shida yana karɓar umarni ya saba da haɗiya. Amma sai ta ga Ɗan Kwat ya ɓalle ƙusar da ta riƙe takardun, ya zare shafi ɗaya, ya ninke shi biyu ya cusa a aljihu.

"Wannan shafi na huɗu ne," in ji ta.

"Na gobara, na sani. Anti, yau ranar murna ce. Ba za mu tara baƙi mu sa su kuka ba."

"Mutum bakwai ne a takardar nan da ka cusa a aljihunka."

Ya ce Allah Ya ji ƙan su, ya duba agogo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da wuta ta tashi a ɗakin rini, ranar da aka sa wa ƙofar baya kwaɗo wai don maganin masu satar yadi. Ita ce ta yi ta kira a lasifika kowa ya fita, kowa ya fita, alhali ƙanenta, autan gidansu, yana bayan ƙofar yana jin muryarta. Shi ne mai busa ƙahon farko a badujalar nan. Tun daga ranar masaƙa ba ta taɓa ambaton mutanen a bainar jama'a ba, ko allon sunaye ba a kafa ba. Shafin nan shi ne karo na farko, shi ya sa ta bi gida-gida da ƙafarta ta gayyato iyalansu, ta yi musu alkawarin yau za a ambaci nasu.

Ta waiwaya wurin Mai Sanda, wanda ke tsugune yana gyara ƙafar teburin kiɗansa. Ya ji komai. Ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa, ya tambayi Ɗan Kwat, to kiɗan fa?

"Kiɗa kuma? Ba ruwanmu da kiɗa, Baba. Ku buga abinku yadda kuka saba."

"Yadda muka saba?"

"Ƙwarai kuwa."

Mai Sanda ya ce to, ya koma ya tsuguna. Shi ke nan abin da ya ce, to. Wannan ya fi ƙona mata rai fiye da rashin mutuncin Ɗan Kwat. Shi Ɗan Kwat yaro ne, jiya ya zo, bai san ƙaurin ranar ba. Amma tsohon nan shi ya koya wa Auta riƙon ƙaho, shi ya fasa kwaɗon da guduma bayan aikin gama ya gama. Ta tsaya a kansa ta ce ashe haka zai yi mata, ashe tsoron a taɓa masa fansho ya fi masa mutum bakwai. Bai ɗago ba, ya ce ta je ta zauna, kuma ya roƙe ta kada ta tafi gida. Ta yi tsaki ta sauka daga dandamali.

Kujerar da aka tanadar mata tana layi na tara, bayan baƙi da shugabannin sassa da matansu. Iyalan mamatan an watsa su nan da can a baya, kusa da ƙofa. Matar Auta ta hango ta, ta taso ta zauna gefenta. Ta sha sabon ɗinki, ta hau mota biyu kafin ta iso. Ta tambaya, "Yaya, ba ke za ki karanta ba?" Anti Sanarwa ta ce an canza.

Da ƙarfe huɗu Babban Darakta ya hau dandamali, aka yi tafi. Mutum ne mai tumbi da murya mai kyau, ba laifi, sai dai bai taɓa jin kiɗan ba ko sau ɗaya. Ya ɗauka zai yi magana ne su kuma su bi shi, kamar yadda kowa ke bin sa. Ya kama karatu kamar mai karanta rahoton ƙarshen shekara. Inda ya kamata ya jira masu sarewa su kwaikwayi ƙarar zare, ya wuce abinsa. Inda ya kamata ya ce an kunna injin farko gangar ta amsa, sai da gangar ta amsa sannan ya kunna injin. A shafi na biyu ma ya ajiye takarda ya gode wa wani baƙo da ya shigo a makare. Mai Sanda na ta faci, ya ja nan ya rage can, zufa na bin ƙeyarsa. Anti Sanarwa na zaune ta cika ta yi fam, tana jin ana tattaka aikin wata huɗu, babban yatsanta kuwa na ƙidaya a kan jakarta ba da izininta ba.

Darakta ya gama shafi na uku, ya juya takarda, ya gyara tabarau. Ya buɗe baki ya ce, "Washegari..."

Babbar ganga ta faɗo a kan kalmar. Ƙahoni goma sha biyu suka tashi gaba ɗaya, ƙananan ganguna suka kama gudu, sarewa na ihu a sama. An zare shafin daga hannun mai karatu, amma yana nan daram a gaban makaɗa talatin, kuma an ce su buga yadda suka saba. Darakta ya ɗaga murya ya sake gwadawa, ko shi bai ji kansa ba. Ya dubi Ɗan Kwat. Ɗan Kwat ya matso gindin dandamali yana yi wa Mai Sanda alama da hannu ya yanke, shi kuwa tsohon ya ba jama'a baya kamar yadda aikinsa ya tanada, ba ya ganin kowa sai makaɗansa.

Baƙin layin gaba suna gyaɗa kai, sun ɗauka gwaninta ce. Daga layi na biyar zuwa baya kuwa ba wanda ya motsa. Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ya gane abin da ake bugawa, don har jiniyar ranar Mai Sanda ya saka a bakin ƙaho.

Sai hayaniyar ta ɗauke, ya rage sarewa ɗaya tana tafiya a hankali. Nan ne gurbin magana. Darakta na tsaye da takarda a hannu, ya rasa ko nasa ne ko ba nasa ba, ya yi tsuru-tsuru. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin fankar sama.

Matar Auta ta kama hannun Anti Sanarwa, ta ce a hankali, "Yaya, nan ne wurin?"

"Nan ne."

Ƙidayar yatsanta ta kai takwas. Ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta ko miƙe ba, bakinta ya shiga a kan ƙidaya kamar yadda ya yi wata huɗu yana shiga. Ta ce ranar Talata ce, da ƙarfe biyu da kwata, kuma ƙofar baya a kulle take. Da farko matar Auta kawai ta ji, da na kusa da su. Mai Sanda bai waiwayo ba. Hannun hagunsa kawai ya sauke ƙasa, ƙasa, har sarewar ta koma kamar numfashi, muryar da ma'aikatan nan suka sani fiye da ta iyayensu ta kai bangon ƙarshe ba tare da lasifika ba.

Ta ambace su ɗaya bayan ɗaya, bayan kowane ganga ta buga sau ɗaya. Mai haɗa rini, da ya rage masa wata biyu ya yi ritaya. Mai shara, uwar 'ya'ya huɗu. 'Yan'uwan nan biyu masu tura amalanke. Mai awon yadi. Mai gadin da ya riga ya fita ya koma ciki. A baya wata tsohuwa ta miƙe tsaye, wani ya bi ta, sai ga layukan baya duk a tsaye. A na bakwai muryarta ta so ta karye, ta riƙe ta. Ta ce sai mai busa ƙahon farko, wanda ya ji kiran yayarsa bai sami hanya ba.

Ƙaho ɗaya ya ɗauka daga nan, ya yi doguwar busa shi kaɗai, ya sauka. Ba wanda ya tafa. Matar Auta ta rufe fuska da gefen mayafinta, hannunta ɗaya har yanzu yana cikin na Anti Sanarwa.

Sai a lokacin Mai Sanda ya juyo rabi, ya rusuna wa Babban Darakta cikin ladabi, ya nuna shi da kan sanda, alamar yanzu ne nasa. Darakta ya share goshi, ya ji daɗin an dawo da shi hanya, ya matso da makirufo bakinsa. Ɗan Kwat shafi na huɗu kawai ya karanta kafin ya zare shi, bai damu ya duba na biyar ba. Ita kuwa da ta rubuta shi ta san abin da ke layin farko, sai ta jingina da kujera ta jira.

Lasifikoki shida na ɗakin suka ɗauki muryar Darakta, ras, babu kiɗan da ya rufe ta. "Washegari muka dawo bakin aiki," ya karanta, ya ɗan tsaya, amma babu hanyar komawa, "mutum bakwai ba su dawo ba."