Hannu a Kafaɗar Baba

Keke biyu ne rayuwar Baba, na ɗinki da na hawa, kuma gwiwa ɗaya ke taka su duka. Da likita ya ce ya zaɓi ɗaya ko ƙafar ta zaunar da shi a gida, sai na sayo masa keken lantarki. Murɗawa kawai zai yi, ya kai shi shago.

Amma gwiwar sai ƙara kumbura take. Kullum in na ciro batirin zan sa caji a bayan kujera, sai in tarar da shi cike fal.

"Baba, kana kunna shi kuwa?"

"Ina kunnawa mana," ya ce, yana kallon rufin ɗaki. Baba bai taɓa iya ƙarya ba.

Washegari daga tagar bas na hango shi a hawan gadar kasuwa. Yana taka wannan keke mai nauyin tsiya da ƙafa, gumi sharkaf. A gefensa ga Mai Agogo, amininsa, kan tsohon kekensa mai kukan sarƙa. Tun kafin a haife ni tare suke zuwa kasuwa, suna musu kan komai. Raina ya ɓaci, har na kusa leƙo kai in yi masa tsawa a gaban jama'a.

Da yamma na tsare shi yana shafa man zafi.

"In na murɗa, kafin Mai Agogo ya rufe baki na yi masa nisa," ya ce. "In kuma na bi a hankali, ƙafata a sake, shi kuma yana haki, ai gori ne. Ki bar ni kawai."

"Ƙafar fa?"

Ya ci gaba da shafa mansa. Tsoro ya kama ni, don na san taurin kan tsohon nan.

Na je shagon Mai Agogo. Na same shi da ɗan gilashi maƙale a ido, ya duƙufa kan wani agogon hannu. Na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya cire gilashin ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Au, ashe abin yana aiki? Ni na ɗauka jabu aka sayar miki! Na ja bakina na yi shiru don kada ki ji kunya. Har rage gudu nake saboda shi."

"Kawu, yanzu ya za a yi?"

"Je ki gida, 'yata. Tela dai ba zai yi hankali ba."

Da safe na nemi kujerar taga a bas. A hawan gadar na gan su. Ƙafafun Baba suna kan feda, ba sa motsi. Mai Agogo ya ɗora hannu ɗaya a kafaɗarsa, shi ma ya saki tasa fedar, keken Baba na jan su duka biyun a hankali. Bas ɗinmu ta matso daidai su, na ji muryar Kawu.

"Ƙara wuta mana, tela! Haka za mu tafi kamar masu rakiyar gawa?"

"Nauyinka ne ya yi yawa," in ji Baba.

Suka haye gadar suna musu.