Tsohon Fasfon Mama Justina

Dokta Ashafa mutum ne da ba ya barin komai ga sa'a. In za shi Birmingham daga Manchester, tafiyar da ba ta wuce awa biyu, sai ya duba iskar taya, ya duba mai, ya rubuta inda za a tsaya a sha shayi. To balle da aka ce mahaifiyarsa, Hajiya Batulu, za ta hau jirgin ruwan yawon buɗe ido na kwana goma sha biyu ita da aminiyarta. Ai sai da ya buga dokoki shafi uku, ya kira taro a falonsa na unguwar Levenshulme a Manchester.

Aminiyar ita ce Mama Justina Davou, 'yar Jos, mazauniyar unguwar Sparkhill a Birmingham. Tare suka yi makarantar ungozoma da Hajiya tun suna 'yan mata, ɗaya na zuwa coci ɗaya na shimfiɗa darduma a ɗaki guda, kuma har suka tsufa ba wanda ya taɓa jin kansu. A shekarar 2016 aka rufe cibiyar kula da yara inda Mama Justina ta yi shekara goma sha huɗu tana aiki, kamar yadda aka yi ta rufe irinta a shekarun nan na tsuke bakin aljihu. Ta dawo gida ta zauna, har zumuntar mata a coci ta daina zuwa. Shi ya sa 'yarta Monica da Ashafa suka haɗa kai suka ce a fitar da tsofaffin nan su sha iska.

"Doka ta ɗaya," in ji Ashafa, yana nuni da biro. "Duk garin da jirgi ya tsaya, kada ku sauka da fasfo. Akwai safe, akwatin ƙarfe na ajiya, a cabin ɗinku, wato ɗakinku na jirgi, ku kulle shi ciki. Ga photocopy nan na yi muku. Garuruwan nan 'yan sane sun cika su, kuma tsofaffi suke hari."

Hajiya ta gyaɗa kai. Ita jan fasfon Ingila gare ta, in ya ɓata sai a sake wani. Mama Justina kuwa ta buɗe jaka ta fito da nata guda biyu, koraye, an ɗaure su da 'yar roba. Na sama sabo ne, shi ke ɗauke da bizar tafiyar. Na ƙasa tsoho ne, ya daɗe da mutuwa, bangonsa duk ya koɗe. Amma a shafi na goma sha ɗaya akwai hatimin da aka buga mata a 1999, wanda ya ba ta izinin zama ƙasar ba iyaka. In ta fita Ingila, hatimin nan ne kaɗai ke dawo da ita. An sha ce mata ta aika a mayar mata da shi kati, ta ce ita ba za ta saka rayuwarta cikin ambulan ta miƙa wa gidan waya ba. Ga shi lokacin labari na ta yawo na mutanen da suka shekara talatin a ƙasar, aka ce su kawo shaida suka rasa.

"Likita," ta ce, "safe ɗin nan, ni kaɗai ke iya buɗe shi?"

"Ke da Hajiya. Sai ko security, in an sami emergency."

"Wato akwai wani mai makulli ke nan."

"Haba Mama! Kamfani ne fa babba, ba otel ɗin tasha ba."

Ba ta ce uffan ba. Ta mayar da fasfunan cikin jaka ta ja zif, ta tambayi Hajiya ko ta sayi takalmin da ba ya santsi. Ashafa ya ɗauka ya ci nasara. Da ya san matar nan yadda uwarsa ta san ta, da ya gane cewa shirun Mama Justina bai taɓa nufin ta yarda ba.

Kwana goma aka yi ana ta samun hotuna a waya: ga su da hulunan rana, ga su gaban wani kifi da Hajiya ta ƙi ci don idonsa na kallonta. Ranar Laraba da yamma, yana tsakanin marar lafiya da marar lafiya, wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar Mama Justina ce.

"Ashafa, ni ce. Kada ka tsorata. Uwarka ta zame a gangara ta faɗi, ƙugu ne ya karye. Muna asibiti a Vigo, a Spain. Gobe za a yi mata aiki. Ta sha ruwa, ta yi sallarta a kwance, ina gefenta."

Ya yi tambayoyinsa na likita, ta amsa su ɗaya bayan ɗaya ba gargada, har lambobin hawan jini. Sannan ya ce, "Jirgin fa?"

"Ya tafi."

Ta gaya masa ma'aikatan jirgin sun buɗe safe sun ba wakilinsu na tashar fasfunan, ya kawo musu har asibiti. Duk da tashin hankalin da yake ciki, sai da Ashafa ya ji wani ɗan daɗi, don dokarsa ta yi aiki. Daɗin bai yi minti ɗaya ba.

"Guda nawa ya kawo, Mama?"

"Biyu. Nata, da nawa sabon."

"Tsohon fa?"

"Yana cikin jirgi."

Ashe Mama Justina rabin dokar ta bi. Ba ta sauka da tsohon fasfon ba, don ya tsorata ta da 'yan sane. Ba ta kuma sa shi a safe ba, don akwai mai makulli. Sai ta yi irin ɓuyan da ta taso ta ga iyayenta suna yi, inda abu mai daraja ba a kai shi wurin da kowa ya san nan ake ajiya. Ta naɗe shi a hankici, ta sa a leda, ta cusa shi cikin rigar ceto, irin mai launin ruwan lemon nan da ke saman wardrob.

"Rigar ceto, Mama? Me ya kai ki?"

"Wane ɓarawo ne zai saci rigar ceto? Kuma in jirgi zai nutse, ba ita zan fara ɗauka ba?"

Ya ce zai biyo jirgin sama gobe da asuba, ta ce ya zauna inda yake. "Jinya dai na fi ka iyawa, ina yi tun ba a haife ka ba. Jibi jirgin zai dawo Ingila, ya tsaya a tashar Southampton. Ka je ka tare shi."

Ranar Alhamis ya yini kan waya da kamfanin. Wannan ya miƙa shi wancan, kowa na ba shi haƙuri da murya mai daɗi, ana cewa an rubuta. Za a tattara kayansu a sauke, aka ce, amma rigar ceto kayan jirgi ce, ba ta cikin lissafin kayan fasinja. Da la'asar Mama Justina ta kira ta ce aiki ya yi kyau, Hajiya ta farka tana mitar ba a sa mata ɗankwali daidai ba. Sai a lokacin ya iya tuƙi zuwa Birmingham, don Monica ce kaɗai za a ba kayan uwarta.

Ya sha cunkoson Stratford Road kafin ya shiga layin su Mama Justina. Gidan tsaf yake kamar mai shi ta leƙa shago ne ta dawo. Keken ɗinki a rufe da zane, tukwanen alayyahu a bakin taga, jikin firij cike da zane-zanen yaran cibiyar da aka rufe. Monica, malamar firamare ce, idonta ya yi ja.

"Yaya Ashafa, what if ba a samu ba? Na kira solicitor, lauyan ya ce it could take months, kuma daga can za ta yi applying. Visa ɗinta na Spain ma sati uku ya rage."

"Da ta bi abin da na faɗa, da duk ba a kai nan ba," ya ce. Haushi yake ji na gaske, kuma bai ɓoye ba.

Monica ta ɗago ta dube shi. "Da ba ka faɗi komai ba, da yana jikinta. Mum ko cefane za ta Tesco, da shi take zuwa."

Shi ma ya san gaskiya ta faɗa.

Juma'a tun da sassafe suna Southampton. Fasinjoji na ta fitowa da akwatuna, hancinsu ja don ƙunar rana, kuma kafin ƙarfe biyar jirgin zai kwashi wasu ya sake tafiya ta mako biyu. Matar da ke kan tebur ta miƙo musu akwatuna uku da takardar sa hannu, ta ce an gyara ɗakin, ba a ga komai ba, kuma ba a barin wanda ba fasinja ba ya hau. Ashafa, wanda bai saba roƙon kowa ba, ya yi ta roƙo kamar ya ari baki. Ya yi bayanin hatimi, ya yi bayanin shafi na goma sha ɗaya, har ya zana mata wardrob ɗin a bayan takarda. Ko don ta rabu da shi, ta ɗaga waya ta ce a turo mai gyaran ɗakin.

Wani dattijo ne mai furfura, sunansa Gamaliel a rubuce a ƙirjinsa. Yana jin lambar ɗakin ya yi murmushi. Ya ce ai ya san iyayen nan biyu, musamman doguwar, wadda kullum kafin ya zo ta gyara gadonta da kanta, sannan ta tsare shi da tambayar ko ya karya. Ya juya ya koma ciki. Minti arba'in suka yi a tsaye, Monica na addu'a a hankali, Ashafa na jan tasbihi da yatsu cikin aljihu. Sai ga dattijon nan tafe da ledar burodi a hannu, farin hankici a ciki.

Ashafa ya buɗe shafin. Hatimin bai fi kwalin ashana girma ba, tawadar ma ta fara dushewa.

Washegari ya kai mata shi Vigo da kansa. Ta karɓa, ta duba shafin, ta soke shi cikin riga, ta ce, "Ka ci abinci?" Ya iske ta kwana uku a kujerar roba, ta koya wa nas-nas ɗin da nuni yadda za su juya Hajiya ba tare da sun yaye mata zane ba. Duk da haka bai fasa yi mata ɗan faɗa ba. Ya ce da ta tsaya ta yi tunani, da ta koma jirgin ta bar wakilin kamfani da Hajiya, shi kuma ya iso. Ta bar shi ya gama, ta ce, "Ka yi gaskiya, Likita. Tsufa ne." A ransa ya yanke cewa ruɗewa ta yi, ta manta da fasfon sai da jirgi ya yi nisa.

Bayan mako uku kowa ya koma gidansa. Wata Asabar da hantsi a Levenshulme, Hajiya na koyon takawa da sandar ƙarfe daga kicin zuwa falo, Ashafa na biye da ita, sai ya sake ɗauko maganar yana dariya, yadda Mama ta manta da abin da ya fi komai muhimmanci a rayuwarta.

Hajiya ta tsaya cak. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, don ɗan fari ne.

"Kai Likita, wa ya ce maka ta manta?"

Ta zauna a hankali, ta jingina sandar.

"Ina kwance kan gadon motar asibitin nan, jirgin ga shi can muna hango shi. Wani ma'aikacinsu ya zo ya ce saura rabin awa a ɗage tsani, ta wuce ta hau, za a kula da ni. Ni da bakina na ce mata, Justina, takardarki na ciki, ki koma. Na san inda ta sa shi, a gabana ta sa. Ta ce da mutumin ya je ya ɗauko mata, ya ce sai dai ta rubuta, safe kaɗai dokarsu ta ce su buɗe. Direba kuma ya riga ya ta da mota. Ta kalli jirgin nan, wallahi na ga leɓenta na rawa. Sai ta cire takalmi ta riƙe a hannu don tsanin motar da tsawo, ta hau. Na ce in suka hana ki komawa Birmingham fa? Ta ce, rufe mini baki, Batulu, wa zai riƙe miki zane in maza sun ɗaga ki?"

Kunya ta kama Ashafa irin wadda rabon da ya ji ta tun yana yaro. Ya fita tsakar gida ya kira lambarta, yana ta shirya kalmomin da zai fara da su.

Ta ɗauka cikin hayaniyar titi. "Ashafa? Ina bus stop, za ni zumunta, ga bas ɗin nan ma ya taho. Lafiya?"

"Mama, Hajiya ta gaya mini…"

"Uwarka ta cika surutu. Ta sha maganin safe?"

"Ta sha."

"To ka sa ta taka sau goma kafin azahar, kada ka ji tausayinta," ta ce, ta kashe wayar.