Motar da Ba Ta Mutuwa a Hannun Baba Dogo

Motar ta sake mutuwa a daidai ramin nan na kwanar layi. Mai Waya, mai gyaran wutar mota, yana tsugune a ƙofar shagonsa yana kankare kan wani batir ya ji ƙarar inji ta ɗauke ɗif, kuma ko kai bai ɗaga ba ya san ta maƙwabcinsa Baba Dogo ce. Ya ajiye wuƙar, ya goge hannu a wando, ya nufi wurin.

Inna, matar Baba Dogo, ita ce a sitiyari. Ta matso da kujera gaba har ƙirjinta yana neman taɓa shi, don gajeriya ce ta gaske. Mijin yana gefe da ledar magunguna a cinya, daga asibiti suke.

"Kin sake sakin kuloci da garaje," in ji shi.

"Ban saki komai ba, Malam. Ƙafata ma ba ta kansa."

"To, aljanu ne suka kashe ta ke nan."

Ta murza makulli, shiru. Ko 'yan fitilun da ke gaban sitiyari ba su kama ba. Baba Dogo ya buɗe ƙofa ya fara zuro ƙafafunsa waje ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, likita fa ya hana," in ji Mai Waya.

"Tuƙi ya hana ni, bai hana ni zama ba. Kama ni nan."

Da ƙyar suka zagayo da shi, yana numfashi sama-sama. Ya tura kujerar baya har ƙarshenta, ya naɗe dogayen ƙafafun nan ya shige, ya murza makulli sau ɗaya tak. Motar ta tashi lafiya lau, har da wani gurnani na rashin kunya. Ya yi wa matarsa wani irin kallo, wanda da ma faɗa ya yi da ya fi sauƙi. Inna ta ɗauki ledar magungunan ta ƙarasa gida da ƙafa.

Duk layin an san motar, don ta girmi yawancin samarin da ke tura ta. Baba Dogo ya yi aikin direba har gashinsa ya yi fari, kuma abin da yake tinƙaho da shi a duniya ɗaya ne, wai motar nan ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba. Gaskiyarsa ce kuwa. Sai ciwon zuciya ya kama shi, ƙafafu suka fara kumbura, likita ya ce shi da sitiyari sai kallo. 'Ya'yansu duk suna nesa. Shi ya sa ya ɗauki Inna, da furfurarta da komai, ya koya mata tuƙi a filin bayan makaranta. Ta iya kuwa, har ta fi wasu masu taƙama. Amma tun ranar da ta hau titi motar ta tsiri mutuwa, yau a rami, gobe a tsakiyar kasuwa mutane suna ta danna mata oda.

Mai Waya ya ja motar zuwa shagonsa, ya bi ta kaf. Ya wanke kan batir ya ɗaure tamau. Ya cire filogi ya goge, ya aro koyil ya gwada, ya kwance makunni ya duba cikinsa. Ya bi wayar da ke ɗaure da jikin mota ya kankare tsatsarta har ƙarfe ya fito fes. Ya buɗe akwatin fiyus da ke ƙasan sitiyari ta hagu, ya taɓa kowanne da fitilar gwaji, kowanne ya kawo wuta. A ƙofar shago kuwa sai ta wuni tana aiki ko tari ba ta yi.

Sau ɗaya ta mutu a hannunsa, a ramin nan dai. Har daɗi ya ji, ya ce yau dubunta ta cika. Ya diro da sauri, ya durƙusa, ya dafa akwatin fiyus zai buɗe, sai ga fitilu sun dawo tun bai gyara komai ba. Ya zauna a ƙasa yana kallonta, ya ce, "Ke dai muguwa ce." Ciwo irin wannan, mai ɓuya da zarar an sa hannu, shi ne abin da mai gyaran waya ya fi tsana a sana'arsa.

Da yamma ya shiga gaishe da Baba Dogo. An maido masa gado falo kusa da taga, saboda ya daina iya kwanciya sai a jingine da matasai. Inna tana kicin.

"Baba, ta mutu a hannuna ni ma. Ba ƙafar Inna ba ce."

Tsohon ya dubi silin. "Na sani," ya ce a hankali.

"To me ya sa kake ɗora mata?"

"Ɗana, in ƙafarta ce, da baki ma zan gyara, ko daga kan gadon nan. In motar ce fa? Ka ga na bar mata wahala ke nan na tafi." Ya tsaya ya huta. "Ba na so in ba na nan ta tsaya a bakin titi tana roƙon a rage mata hanya. Gwiwoyinta ba sa kai ta tasha. Ka nemo min ciwon nan tun ina iya jin bayani."

Tausayinsa ya kama Mai Waya. Ya ce in sha Allahu, ya tashi. A bakin ƙofa Inna ta tare shi, ta miƙa masa makullin.

"Riƙe a wurinka. Ni na haƙura. Tuƙi ba na irina ba ne, tsufa ya riga ni."

"Haba Inna, ai kin iya."

"Wanda ya iya mota ba ta mutu masa. Ka ga ta taɓa yi wa Malam?"

Shi ma tambayar da take hana shi sakat ke nan. Mota dai ba ta san mai ita ba, ƙarfe ne da waya. Amma ga shi wannan kamar ta sani.

Kwanaki suka yi ta tafiya, jikin Baba Dogo yana ta ja baya. Ya daina fitowa ƙofar gida, sai muryarsa da ake ji ta taga, ita ma tana raguwa. Mai Waya ya ture aikin mutane gefe, masu motoci suna ta mita. Matar Mai Waya ta ce, "Wai motar nan kai ka haife ta ne?"

Wata safiya ya shiga tsakar gidan Baba Dogo zai karɓi ruwa a bokiti, ya tarar da Inna tana shanya. Ta fito da kayan mijin duka ta wanke, har waɗanda ya daɗe bai sa ba. Wanduna ne reras a kan igiya, dogaye kamar labule. Yana jiran bokiti ya cika idonsa ya sauka a kansu. Kowanne da faci a gwiwa, kuma duk a ƙafa ɗaya.

"Inna, me yake cinye wa Baba gwiwar hagu haka?"

Ta yi 'yar dariya, ta farko da ya ji a kwanakin nan. "Tun muna da ƙuruciya nake wannan facin. Ta dama tana nan sabuwa, ta hagu ta mutu. Na tambaye shi ya ce wai ni ce nake dirza ta da mugunta."

Mai Waya ya bar famfo yana zuba ya fita da gudu.

Ya buɗe ƙofar direba ya durƙusa, wannan karon bai taɓa komai ba, kallo kawai ya yi. Murfin akwatin fiyus baƙi ne mai kaushi, amma gefensa ɗaya ya goge sumul yana sheƙi, har ya ɗan lotsa, faɗin tafin hannu. Sau nawa ya cire murfin nan ya ajiye a kan kujera bai lura ba! Ya tayar da motar, ya sa yatsa ya ɗan janyo akwatin. Ta mutu ɗif. Ya danna shi da tafin hannu, fitilu suka dawo. Ya sake, ya kuma sake, yana dariya shi kaɗai kamar wanda ya zare.

Da ya kwance akwatin ya juya bayansa, ga abin nan ƙuru-ƙuru. Kunnen da ke riƙe shi ya karye tun ba yau ba, babbar wayar da ke kai wuta ga makunni kuma bakinta ya saki, ya yi baƙi. Da an faɗa rami sai akwatin ya girgiza, wuta ta yanke. Shi kuwa Baba Dogo, da tsawonsa, ba inda zai kai gwiwarsa sai jikin akwatin nan, yana danne da shi shekara da shekaru bai sani ba. Mai Waya ya yanke bakin wayar ya sa sabo, ya liƙe da dalma, ya yi wa akwatin maɗauri na ƙarfe ya ɗaure shi da kusoshi. Ya jijjiga shi da ƙarfinsa, ko gezau.

Ya shiga falon da murfin a hannu. Baba Dogo ya rame ƙwarai, idanunsa sun faɗa, amma yana ji. Mai Waya ya yi masa bayani dalla-dalla, ya ɗora masa murfin a cinya. Tsohon ya shafa wurin da ya lotsa da babban yatsa, ya dubi gwiwarsa a ƙarƙashin bargo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Inna ta taso a tsorace, ashe dariya yake yi.

"Ni da nake cika baki na iya mota," ya ce, tari yana katse shi. "Ashe tsawo ne kawai."

"Malam, ka daina, za ka shiƙe."

Ya kamo hannunta. "Ba ƙafarki ba ce. Tawa ce. Ki yafe min surutun da na yi ta yi miki."

Inna ta juya fuska tana gyara matashin da ba abin da ya same shi. "Ai da ma na faɗa maka," ta ce.

"To ɗauki makulli. Ki je ki faɗa ramin nan, kada ki kauce masa. Ina nan ina ji."

Ta so ta ƙi, ya kafe. Mai Waya ya mayar da murfin, ya miƙa mata makullin, ya dawo ya buɗe tagar falon gaba ɗaya. Suka ji ta tayar, suka ji ta ja a hankali. Baba Dogo ya rufe ido ya karkata kunne. Daga kwana aka ji ƙarar ƙafar mota ta faɗa rami ta fito, injin kuma ya ci gaba da gurnaninsa har ya yi nisa.

"Ka ji?" ya ce, idonsa a rufe. "Ta ma sa giya ta biyu a kan lokaci."

Ta zagayo ta sake faɗawa, ta kuma sakewa, ba wanda ya ce ta yi. Kafin ta dawo barci ya ɗauke shi, mai nauyi irin wanda ya daɗe bai samu ba.

Bai kai ƙarshen makon ba. Da hantsi ne, Mai Waya yana kwance a ƙarƙashin wata mota ya ji kukan mata daga gidan, ya daɗe a wurin bai fito ba, sifana a hannunsa. Ya yi kukansa a nan inda ba mai ganinsa. 'Ya'yan suka zo, gida ya cika, layi ya cika da motoci masu sheƙi, tsohuwar kuma tana gefe ƙura tana hawa kanta. Babban ɗan ya yi maganar a sayar da ita a huta, Inna ta ce a bar mata kayanta.

Bayan baƙi sun watse, gida ya yi shiru, Mai Waya ya samo sabon murfi a kasuwar kayan gyara ya kawo mata, don tsohon ya tsage a gefe.

"Mayar musu," in ji Inna. "Wancan bai yi min komai ba."

Ranar da ta fara fita da motar yana ƙofar shago. Ta matso da kujera gaba kamar kullum, ta tayar, ta taho a hankali. Da ta zo gabansa ta tsaya su gaisa, ya leƙa ta taga yana yi mata sannu. Hannunta na dama yana kan sitiyari. Na hagun kuwa yana ƙasa, tafinsa a kwance cikin lotsawar nan ta jikin murfin.

"Inna, ai na ɗaure shi. Ba sai kin riƙe ba."

"Na sani, ɗana," ta ce.

Ta ja motar, ta faɗa ramin ta fito, ta karya kwana. Har ta ɓace bai ga ta ɗago hannun ba.