Kiɗan Sadiq ta Bayan Katanga

Su huɗu ne a ƙungiyar, kuma sun shekara goma sha ɗaya tare. Magaji ne mai waƙa da fiyano, Ismail na kan kalangu, Sadiq na kan manyan ganguna, Lukman kuwa shi ke rataye da jitar bas, mai igiya huɗu masu kauri, wadda ƙirji ke riga kunne jin ta. Babu garin da ba su kaɗa wa amare ba daga Yelwa zuwa Shanga, daga Ngaski zuwa ƙauyukan ƙetaren tafki.

A ƙarshen damina aka gayyace su biki a wani ƙauye na tsallaken ruwa. Magaji ya so a zagaya ta mota. Lukman ne ya ƙi. Ya ce shi ɗan masunci ne, ya san ruwan nan, jirgi awa ɗaya ne, mota kuwa wuni guda. Suka bi shawararsa. A hanyar dawowa, da hantsi, jirgin ya cika maƙil da mutane da buhunan shinkafa da babura biyu, ya daki kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, ya dare gida biyu. Washegari aka tsamo Magaji da Ismail. Sadiq kuwa an yi kwana tara ana nema ba a gan shi ba. Lukman ya fito da ransa, ba jita, ba ko takalmi.

Ya koma rumfarsa ta gyaran babur a bakin titi, ya daina zuwa bakin ruwa, ya daina kunna rediyo. Duk wanda ya tambaye shi yadda aka yi, amsa ɗaya yake bayarwa: tun da jirgi ya fashe bai sake ganin ko ɗayansu ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Inna Talatu, mahaifiyar Sadiq. Tare suka tashi da ɗanta, a kwano ɗaya ta riƙa zuba musu tuwo. Ita ta ƙi karɓar gaisuwar mutuwa. Liman ya zo har sau uku kan a yi wa Sadiq sallah da addu'a, ta ce, "Ku nuna min shi tukuna." Kullum tana share ɗakinsa, tana ajiye masa abinci a rufe. Wasu masunta sun gaya mata an taɓa samun mutum da rai a wani tsibiri bayan wata biyu, ta riƙe wannan magana gam.

Wata huɗu da faruwar abin, Gideon ya tsaya da babur ɗinsa a rumfar. Shi ne mai fiyanon wani coci a Yelwa, kuma shi ke gyara wa ƙungiyar sifikoki idan sun ƙone. A bayansa ya ɗaure wata tsohuwar jitar bas da aka daina amfani da ita a cocin, da ƙaramar sifika, da wani ɗan akwatin ƙarfe ja wanda bai fi tafin hannu ba.

"Ba na so," in ji Lukman, bai ko ɗaga kai daga tayar da yake liƙewa ba. "Da wa zan kaɗa? Ka taɓa ganin an yi rawa da bas shi kaɗai?"

"Shi ya sa na kawo maka wannan." Gideon ya ɗaga akwatin. "Lufa ake ce masa. A ƙasa ake ajiye shi, ana takawa da ƙafa. Ka taka sau ɗaya, ya fara ɗaukar abin da kake kaɗawa. Ka sake takawa, ya riƙa maimaita maka shi ba tsayawa. Sai ka ɗora wani kiɗan a kai, ka sake ɗora wani. Mutum ɗaya ya zama uku."

"Ukun da nake so ba sa cikin akwati."

"Na sani. Amma matarka ta same ni. Ta ce ba ka magana a gida, ba ka cin abinci sai ta yi kuka. Ka ajiye kayan. In ba ka so, ka dawo min da su bayan sati."

Kwana uku kayan suna jingine a ɗakinsa na soro. Rana ta huɗu, bayan azahar, aka kawo wuta, Lukman ya rufe ƙofa ya haɗa wayoyin kamar yadda Gideon ya nuna masa: daga jita zuwa akwati, daga akwati zuwa sifika. Yatsunsa sun yi laushi, igiyoyin sun yi tsatsa. Ya taka, wata 'yar fitila ta yi ja, ya kaɗa gajeren layi, ya sake takawa. Kiɗan ya dawo masa yana ɗingishi. Duk zagaye ɗaya sai an ji wani ɗan rami a wurin da ƙarshe ya haɗu da farko. Ya danne maɓallin ya goge, ya sake. Wannan karon ya riga lokaci, kiɗan ya riƙa cin tuntuɓe. Ya sake, ya sake, har aka ɗauke wuta.

Da ya gaya wa Gideon, sai ya yi dariya kaɗan ya ce, "Kowa haka yake farawa. Matsalar a ƙafarka take, ba a hannu ba. Kada ka taka a ƙarshen kiɗa, ka taka a farkon na gaba. Ka ƙirga huɗu, in ka dawo ɗaya, a nan ƙafa za ta sauka. Kuma ka fara da abu gajere."

Lukman ya gane abin da Gideon bai faɗa ba. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ƙirga komai ba. Sadiq ne ke buɗe kiɗa, shi kuwa ya shiga bayansa kamar mai bin sawu. Bai taɓa sanin cewa bai iya farawa da kansa ba sai yanzu.

Ya yi sati biyu yana fama. Ya koyi buga ƙafa a ƙasa tun kafin ya taɓa igiya. Ya koyi cewa idan ya ɗora layi mai kauri a kan mai kauri sai su cakuɗe su zama gurnani, dole na biyu ya hau can sama inda igiya ke da siririyar murya. Salma, matarsa, takan tsaya a bakin ƙofa da tiren abinci, ta ajiye ta tafi. Ya fara cinye abincin.

Sai wata Laraba Gideon ya nuna masa wata dabara: ya dafe igiyoyin da hannun hagu don kada su yi ƙara, ya riƙa marin su da babban yatsa da tafin dama. Sautin da ke fita kamar na ganga ne. "Ka fara shimfiɗa wannan," in ji shi, "sai ka ɗora bas ɗinka a kai. Ka samu mai ganga ke nan."

Washegari da la'asar sakaliya Lukman ya gwada. Bai zauna ya zaɓi wane kiɗa zai yi ba, hannunsa ne ya tafi inda ya saba ji. Sadiq yana da wani salo da yake buɗe kowane biki da shi: bugu uku a jere, ɗan jinkiri kamar mai jan numfashi, sannan biyu da sauri. Tun suna yara yake yin sa a kan gwangwani da bayan ƙwarya. Lukman ya taka, ya buga, ya sake takawa daidai kan ɗaya. Kiɗan ya zagayo sumul, ba rami, ba tuntuɓe. Karo na farko ke nan. Ya ƙara murya, ya ɗora bas ɗinsa a kai.

Ana cikin haka aka yi sallama a waje. Wani mai babur ne sarƙarsa ta tsinke a bakin layi da buhun kifi a baya. Lukman ya kai ƙafa zai tsayar da kiɗan, sai ya ji tsoro kada ya taka ba daidai ba ya goge shi. Ya jingine jitar, ya bar gangar tana yi, ya ce minti biyar ne.

Aikin ya ci kusan rabin awa. Da ya dawo ya tarar da ƙofar soron a buɗe, Inna Talatu tsaye a tsakiyar ɗakin, ba mayafi, ƙafa ba takalmi, hannunta duk garin tuwo. Tana duba bayan ƙofa, tana ɗaga labule. Salma na bayanta tana kuka tana cewa, "Inna, wallahi ba kowa, na'ura ce."

Tsohuwar ta juyo. Fuskarta a washe take, irin yadda bai gan ta ba tun ranar jirgi.

"Lukumanu, ina ka ɓoye min shi? Na ji hannunsa. Tun ina tankaɗe na ji shi. Mi ya sa bai fara shigowa wajena ba? Kunya yake ji?"

"Inna, ni ne na buga."

"Kai kana waje. Na gan ka ka shigo yanzu."

Ya durƙusa ya nuna mata akwatin, ya yi mata bayani. Ba ta ko kalli abin ba. Gangar na ta zagayowa, uku, jinkiri, biyu. Ya taka maɓallin sau biyu, ɗakin ya yi tsit. Ta tsaya tana sauraren shirun, tana jira a ci gaba.

"To yana ina?" ta ce a hankali. "Kai ka ce ba ka gan shi ba. Wanda ba a gani ba ai yana wani wuri."

Lukman ya ga cewa maganarsa ce ta ajiye ta a nan wata biyar. Ya zauna dirshan a ƙasa.

"Na gan shi, Inna. Ƙarya na yi. Da jirgi ya fashe na kamo shi ta wuyan riga. Kin san bai iya ruwa ba. Na ja shi, na ja shi, gaɓa ta yi nisa. Sai ya firgita ya riƙe min wuya, muka nutse tare sau biyu. A na uku na ɓamɓare hannunsa. Da hannuna na ɓamɓare. Ina kallo ya yi ƙasa, bai sake tasowa ba. Na nutsa na neme shi ban same shi ba. Sadiq ya rasu, Inna."

Salma ta toshe bakinta, don ita ma ba ta taɓa ji ba. Inna Talatu ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta goge garin hannunta a zaninta, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Da ka faɗa min tun ranar, da yanzu na yi nisa da haƙuri."

Ranar Juma'a ta aika wa liman. Aka yi wa Sadiq sallah da addu'a, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka zo gaisuwar da ta ƙi karɓa a baya. Lukman ya zauna a cikin maza kwana uku. Labarin ya riga ya zagaye unguwa. Tsofaffin masunta suka ce abin da ya yi shi kowa zai yi, wanda ke nutsewa ba ya sanin wanda ya riƙe. Wasu kuma suka daina kawo masa babur. Liman ya kira shi gefe ya ce babu alhakin rai a kansa, amma ya nemi gafarar ƙaryar. Lukman ya shiga ya durƙusa gaban Inna Talatu a gaban mata, ta ce ta yafe, idonta na kan tabarma.

Bayan sati biyu Dije, babbar 'yar Inna Talatu da ke aure a Shanga, ta zo da mota ta kwashe ta. Lukman ne ya ɗora kayan, ya ɗaure katifa a sama. Tsohuwar ta yi sallama da Salma, ta shafa kan yaransu ɗaya bayan ɗaya, ta shiga mota. Da ya leƙa ta taga ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Inna," ta amsa da amin kamar yadda za ta amsa wa kowane mai wucewa.

An sa wa gidan kwaɗo. Da damina ta dawo wani malamin makaranta daga Kontagora ya kama haya a ciki, shi da iyalinsa. Inna Talatu ta rasu a Shanga a shekarar da ta biyo, bayan gajeriyar rashin lafiya. Sai bayan an binne ta da kwana biyu Lukman ya ji, a bakin wani direba da ya tsaya a rumfarsa a ba tayarsa iska.